Gajeren fim da ƙirƙirarriyar basira: ta ina ake farawa don mutanen ciki su fito Zazzagawa?

Auta_Kwarbai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar. Akwai gajeren labari na minti huɗu: wani tsoho maɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya ya gama aikin aska takwas daren jajiberin Sallah, ya aiki jikansa ya kai wa mai rigar kafin a sauko idi. Masu magana uku ne, wurare huɗu: zaure, lungu, bakin ƙofar gari, sai gefen hawa. So nake a haɗa shi gaba ɗaya da manhajojin AI, ba kyamara, ba 'yan wasa. Kayan aikin da ke akwai laftof ce mai RAM giga 8 marar katin girafik na daban, da wayar Android. Zai yiwu? Kuma yaya ake yi kada mutanen su fito kamar baƙi?

Edita_Samaru:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu, amma ka fara da biro da takarda kafin ka buɗe kowace manhaja. Minti huɗu sakan 240 ne. Waɗannan manhajoji ba sa ba da dogon bidiyo a tashi ɗaya: a 2025 Kling da Runway sakan 5 ko 10 suke fitarwa, Veo 3 na Google sakan 8. A cikin sakan biyar ɗin ma sau da yawa uku ko huɗu ne masu amfani, don a wajen ƙarshe ne fuska ke fara canzawa, yatsu su haɗe. Ka ɗauka kowane shot, wato ɗauka ɗaya ba yankewa, sakan 4 ne, shot 60 ke nan. Ka ware wa kowanne gwaji huɗu ko biyar. Yanki 240 zuwa 300 za ka fitar, wato kuɗin sakan 1,200 zuwa 1,500 za ka biya kafin ka tsinci 240 ɗin da za su shiga fim. Wannan adadin za ka kai shafin farashinsu ka ninka da kiredit ɗin da suke cira a kowane sakan, wato makin da kake saye da kuɗi. Kiredit na kyauta na gwaji ne kawai, kuma galibi da tambarin kamfani a jikin hoton yake fitowa.

Laftof ɗinka ba za ta hana ka ba. Nauyin aikin a kan injinan kamfanin yake, taka burauza kawai za ta buɗe, sai tacewa daga baya.

Binta_Zane:
Ƙari a kan maganar Malam Edita: kada ka rubuta umarni ka ce manhaja ta ba ka bidiyo kai tsaye. Nan kuɗi ke tafiya. Hoto tsayayye ake fara yi wa kowane shot, a gyara shi har ya gamsar, sannan a miƙa shi ga manhajar bidiyo a ce ta motsa shi. Hoto yana da araha ƙwarai a kan bidiyo, kuma a hoto ne za ka iya goge hula ka sake, ka gyara hannu, ka cire abin da bai dace ba. In hotunan nan 60 suka jeru a gabanka, ka zuba su a manhajar tacewa da tsawon da kake so kowanne ya yi, ka kalla daga farko zuwa ƙarshe. Duk shot ɗin da ka ga labari zai tafi ba shi, ka cire shi tun bai ci kiredit ba.

Umarnin motsi kuma ya zama gajere, aiki ɗaya tak. Tsoho ya ɗago kai a hankali, kyamara a tsaye. Shi ke nan. In ka ce ya ɗago kai, ya ajiye allura, ya miƙa riga, ya yi murmushi, biyu za ta yi ta dagula sauran. Da Turanci ake rubuta umarnin, don mafi yawan bayanan hotunan da aka horar da su da Turanci suke.

Sadauki_PZ:
Gaskiya ne. Kuma ka zaɓi fasalin allo tun yanzu, 16:9 na YouTube ko 9:16 na TikTok. Canzawa a tsakiya sake aiki ne daga tushe.

Injiniya_Kongo:
Akwai hanyar da ba sai an biya kuɗin wata-wata ba. Alibaba sun saki injin ƙirƙirar bidiyo mai suna Wan 2.1 a farkon 2025 da lasisin Apache 2.0, kowa na iya saukewa ya yi amfani da shi har na kasuwanci. Ƙaramin, mai suna 1.3B, yana aiki da katin girafik mai ma'ajiya giga 8 da ɗan ɗoriya. Ana sarrafa shi ta manhajar ComfyUI, wadda ake jona matakan aiki a cikinta da layuka kamar wayoyi. Laftof ɗin Auta ba za ta ɗauka ba, amma ana hayar katin girafik ta intanet a biya awa-awa.

Kufena_Dev:
@Injiniya_Kongo, da gyara kaɗan ranka ya daɗe. Ƙaramin 1.3B a asalin fitowarsa daga rubutu zuwa bidiyo kawai yake yi, a 480p. Wanda ke karɓar hoto ya motsa shi, irin aikin da Malama Binta ta bayyana, babban ne 14B, kuma fayil ɗinsa ya kai wajen giga 30 in ba a matse shi ba. Masu shi da kansu sun rubuta cewa ƙaramin yana cin kimanin minti huɗu a kan katin girafik RTX 4090 kafin ya ba da sakan biyar. To a lissafa babban, a ninka da yanki 300. Sannan firam 16 yake bayarwa a sakan, firam 81 a yanki, sai an bi da RIFE, manhajar ƙara firam, ko makamancinsa an cike tsakani kafin motsi ya yi santsi. Hanya ce mai kyau ga wanda ya riga ya iya ComfyUI. Ga wanda fim ɗinsa na farko ne, koyon haɗa wayoyin cikinta kaɗai zai janye hankalinsa daga labarin.

Injiniya_Kongo:
Na karɓi gyara a kan 1.3B. Amma ina nan a kan cewa mai niyyar yin fim fiye da ɗaya gara ya koya, don a nan ne kake riƙe lambar iri, wato lambar da ke sa a sake samun hoto iri ɗaya, da sigar injin a hannunka, ba wanda zai sauya maka su dare ɗaya.

Jikan_Magina:
Ku bar batun inji tukuna, tambayarsa ta biyu ta fi nauyi. In ka rubuta wa manhaja "tsohon birnin Hausa na ginin ƙasa", ɗayan biyu za ta ba ka: masallacin Jenne na ƙasar Mali da sandunansa a waje, ko lungunan Maroko. Ba ta san namu ba, don hotunansa ba su da yawa a abin da ta koya. Maganinsa ka ba ta hoton gaske ta yi aiki a kai.

Ka fita da waya tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango ta gefe zanen jikinsa ya fito. Ka ɗauki zaure daga waje da ciki, zankwaye a saman katanga, indararo, rufin azara, bakan gizo in ka samu mai gida ya yarda ka shiga, da ragowar ganuwa. Kowane wuri kusurwa uku aƙalla: daga nesa, tsaka-tsaki, da kusa. Wayar a kwance, a tsayin ƙirji, kada a yi zuƙowa. Daga baya a goge wayoyin lantarki, kwanon rufi, fastocin siyasa da babura, tunda labarin na da ne. Ƙofofin gari irin su Ƙofar Doka an sake musu gini na zamani, saboda haka kada ka ɗauka yadda suke yau haka suke a da. Don ganin yadda cikin gini na asali yake, a nemi hotunan tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19. Shi ne ma'aunin da za ka gwada abin da manhaja ta ba ka.

Fada da gidajen mutane sai da izini. Fuskar duk wanda ya gifta a hoto a cire ta.

Auta_Kwarbai:
Na gode ƙwarai Baba. To fuskar tsohon fa? Shot kusan ashirin zai fito, yaya za a yi ya zama mutum ɗaya daga farko har ƙarshe?

Binta_Zane:
Ana yi masa takardar kamanni kafin komai. Ka fitar da shi a farin bango: gaba, gefen dama, gefen hagu, rabin juyi, tsaye cikakke, zaune. Kaya iri ɗaya, haske iri ɗaya. Waɗannan ne za ka riƙa liƙawa a matsayin hoton madogara duk lokacin da za ka yi sabon shot. Runway Gen-4 na da wurin sa hoton madogara, Midjourney ma haka, Flux Kontext kuma yana karɓar hoto ka ce ya sauya wuri ko zama ya bar mutumin yadda yake. Jimlar da ke bayyana shi kada ka sauya ko kalma ɗaya, kwafa za ka riƙa yi kana mannawa.

Ka sauƙaƙa masa kamanni. Farin gemu gajere, hula fara marar aiki, riga 'yar shara mai launi ɗaya. Hula mai ɗinki irin zanna bukar zanenta zai riƙa sauyawa daga shot zuwa shot. Tsagar fuska ma haka, yau uku gobe biyar. Ka kuma sa ido a kan launin fata: manhajojin nan suna yawan haskaka baƙar fata su sa mata sheƙi kamar roba. A rubuta duhun fatar a fili, a ce da ƙofofin gashi da tamoji, ba kwalliya.

Kufena_Dev:
In hoton madogara bai riƙe ba, mataki na gaba LoRA ne, wato ɗan ƙaramin horo da ake yi wa injin hoto a kan mutum ɗaya. Hoto 15 zuwa 30 masu faɗin piksel 1024, kusurwa daban-daban, bango daban-daban, taki 1,000 zuwa 2,000 na horo. In duk hotunan a zaure ɗaya aka yi su, injin zai haɗa mutumin da zauren, duk inda ka kai shi bangon zai biyo shi. A lura da lasisi kuma: Flux.1 dev ba na kasuwanci ba ne, schnell ne ke da Apache 2.0.

Mai_Tsamiya:
Ni ɗinkin nake ji. Fim ɗin nan kacokan a kan aska takwas ya tsaya, kuma a Zariya za a kalle shi, garin da ake wannan sana'a gida-gida. Aikin yana da ƙa'ida. A ɓangaren hagu na ƙirji yake, a kan aljihu, asake na da adadinsu da tsawonsu, ga tambari, ga dagi, kowanne da mazauninsa, aikin ya haura kafaɗa ya zagaya baya. Manhaja ba ta ƙirga, ado kawai take zubawa mai kama da ɗinki. Maɗinki na kallo ɗaya zai gane. Kuma da zarar rigar ta motsa, zanen zai riƙa rarrafe a jikin yadin.

Shawarata: a aro riga ta gaske a ɗauke ta da waya. Hannun maɗinki na gaske yana soka allura, zaren tsamiya yana bi, a ɗauka kusa-kusa, shot biyar ko shida. Sauran fim ɗin rigar tana naɗe cikin ƙyalle a hammatar yaro, ba mai ganin aikin. An huta.

Sadauki_PZ:
Amma ai ya ce ba kyamara. In aka fara haka, gobe a ce a ɗauki dokin gaske, jibi yaron gaske, ina AI ɗin? Kuma haɗin yana nunawa. Hoton waya na da kaifi da ɗan rawar hannu, na manhaja na da laushi da motsi kamar a cikin ruwa. Ido na kama bambancin nan take. Ni a ganina ya bar kamannin gaske gaba ɗaya, ya yi fim ɗin da salon zane, kamar hoton littafin yara mai fentin ruwa. A zane ba wanda zai ƙirga asake, kuma kuskuren yatsu ba ya tayar da hankali kamar a fuskar da ta yi kama da ta mutum.

Mai_Tsamiya:
Za a ƙirga, ɗan'uwa. Ko a zane ne za a ƙirga. Sai dai a zane ana iya zana aikin da hannu sau ɗaya daidai, a ɗora shi a kan rigar a shot ɗin da ba ta motsi.

Edita_Samaru:
@Sadauki_PZ, haɗin yana ɓoyuwa in an bi matakai. Wayar a kan tirayifod ko a jingine, ba a hannu ba. A kulle haske da fokas. A ɗauka a firam 25 da saurin shata 1/50, don wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba ƙwan lantarki zai riƙa ƙyaftawa a hoton. Haske ya shigo ta gefen da yake shigowa a hoton zauren da aka ƙirƙira. A wurin tacewa a rage wa na waya kaifi kaɗan, a daidaita baƙi da fari na kowane shot da ma'aunin haske na manhajar ba da ido ba, sannan a shimfiɗa launi ɗaya da ɗan tsakin fim a kan fim ɗin duka. Tsakin nan shi ke haɗa su.

Tunda an zo nan: yankunanka za su zo da firam daban-daban, wani 24, wani 30, na Wan 16. Ka tsayar da ɗaya kafin ka shigo da komai. A DaVinci Resolve da zarar ka shigo da bidiyo adadin firam na aikin ya kulle. Amma Resolve na son RAM giga 16, saboda haka da giga 8 ɗinka CapCut, Shotcut ko Kdenlive za su fi yi maka sauƙi, ka kunna ƙananan kwafi na tacewa. Ƙara girman hoto zuwa 1080p a ƙarshe ake yi, kuma ga yankunan da suka shiga fim kaɗai.

Ummu_Cigaban_Shiri:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: hannu. Manhaja ba ruwanta da dama ko hagu. Za ta sa yaro ya miƙa wa babba riga da hagu, ko ya tsaya ƙiƙam a kan kakansa yana magana. Dole a rubuta: ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, takalmi a bakin zaure. Masu tacewa kan juya hoton kamar madubi don gyara hannun, amma a wannan fim juyawa za ta mayar da aljihu da aikin riga ɓangaren dama, kuma hasken taga ya koma ɗaya gefen. Sai dai a sake shot ɗin.

Alkiblar tafiya ma a riƙe. In yaro ya fito daga zaure ya nufi dama, ya ci gaba da nufar dama a lungu da bakin ƙofa har ya isa. In wani shot ya nuna shi yana nufar hagu, mai kallo zai ɗauka gida ya juya. A buɗe jadawali: lambar fitowa, lambar shot, umarnin da aka rubuta, lambar iri, sigar manhaja, gefen haske, hannun da ke riƙe da ƙunshi. Sunan fayil ya bi tsari, misali F2_S07_G3, fitowa ta biyu, shot na bakwai, gwaji na uku. Fayil 300 masu sunan da manhaja ta ba su ba mai iya nemo komai a ciki.

Sautin_Gyallesu:
Duk kun tafi hoto. Mai kallo na haƙuri da hoto mai rauni, ba ya haƙuri da murya marar kyau. Kada a ba inji karatun Hausar nan. Akwai muryoyin Hausa na inji, har da wanda Meta suka saki a aikinsu na MMS a 2023, amma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, inji cinka yake yi. Ga ƙ da ɗ da ɓ da ts da ba sa fita daidai. Tsoho Bazazzagi kuma yana da nasa harshen da babu injin da zai kawo.

A nemi mutum uku a ɗauki muryarsu. Ɗaki mai katifa da labule da kaya a rataye, ba falo mai tayil ba. A kashe fanka da firji, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru. Makirfo tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don iskar f da b kada ta buge shi. WAV, 48 kHz, ƙarar na kaiwa tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙara. Kowace jimla sau uku. A ƙarshe kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na sakan 30, da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu. Manhajojin share hayaniya masu AI a yi hankali da su, in aka murɗa su har ƙarshe sukan cinye ƙarfin ƙ da ts su mayar da murya kamar ta rediyon da batir ya yi sanyi. Rabi ya isa.

Sannan sautin gari: kiran assalatu daga nesa, zakara, takun silifas a ƙasa, ƙarar ƙyauren zaure, kacakacar linzami. Da waya ake tara su a unguwa. YouTube na daidaita ƙara a wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, a auna fim ɗin ya tsaya kusa da nan.

Auta_Kwarbai:
To bakin fa, Yaya? In murya ta mutum ce, hoto na inji, yaya za su haɗu?

Sautin_Gyallesu:
Akwai masu daidaita baki da murya, a cikin Kling akwai, akwai kuma na kyauta irin Wav2Lip, sai dai shi yana dusashe kewayen baki. Sauti suke bi ba ma'ana ba, don haka suna karɓar Hausa. Sharaɗi: fuska ta kalli gaba ko ta ɗan karkata, baki a buɗe yake ba amawali a kai, jimla gajera. Wurin dubawa shi ne m da b da ɓ. In leɓɓa ba su haɗu a kansu ba, a sake. Gemu na ba su wahala, gefen baki kan yi rawa.

Binta_Zane:
Akwai wata hanyar da ta fi ba da rai: mai muryar ya yi wasan a gaban waya, a ɗauki fuskarsa, a ɗora motsinta a kan hoton tsohon. Act-One na Runway da LivePortrait aikinsu ke nan. Gira da ƙyaftawar ido da jinkirin numfashi duk na mutum ne. Amma ni zan rage buƙatar baki tun daga rubutu. Tsoho na magana kansa a sunkuye kan ɗinki. Ko a nuna fuskar yaro yana saurare, muryar kaka na zuwa daga gefe. Ko a ɗauko su ta bayan kafaɗa. A cikin shot 60, in takwas ne ake ganin baki na motsi, sun isa.

Malam_Tudun_Wada:
Jama'a a kula da rubutu. In akwai allo a zauren nan ko wani rubutu a bango, kada a bar manhaja ta rubuta shi. Haruffa take jerawa masu kama da Larabci ko ajami waɗanda ba su da ma'ana, kuma abin da ya yi kama da aya ba wurin wasa ba ne. A juya allon ya kalli bango, ko a bar shi wankakke. Haka sahun idi: tana sa mutane su fuskanci alkibla daban-daban, wani ya ɗaga hannu wani ya sunkuya. Gara a nuna jama'a suna tafiya filin idi ko suna watsewa.

Lauya_Sabon_Gari:
Ta ɓangaren haƙƙi. Kada a ɗauki fuskar ɗan wasan Kannywood, ko ta wani basarake, ko ta wani dattijon unguwa a yi LoRA da ita ba da yardarsa a rubuce ba. Masu murya ma a rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: sunan fim, inda za a nuna, da cewa ba za a kwaikwayi muryarsu da inji ba. Yaron kuma iyayensa ne za su sa hannu. Muna da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa abin da inji ya ƙirƙira shi kaɗai ba ya samun kariya, gudummawar ɗan'adam ce ke samu. Saboda haka a adana rubutun labari, muryoyi, hotunan waya da fayil ɗin tacewa, su ne shaidar aikinka. YouTube tun 2024 yana buƙatar a bayyana in bidiyo mai kama da gaske ƙirƙirarre ne, akwai wurin latsawa lokacin ɗorawa. In kuma za a kai shi sinima ko kasuwa, sai an bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa.

Dan_Lifidi:
Gefen hawa shi zai fi cin kiredit, ku rubuta ku ajiye. Ƙafafun doki na cakuɗewa, huɗu su koma biyar, mahayi ya nutse cikin sirdi, taron jama'a fuskokinsu su narke. Kada a nemi sukuwa ko jahi. Doki ɗaya a tsaye yana kaɗa kai, kusa-kusa. Gefen jar rigar dogari da korenta. Bakin kakaki a sama. Ƙura ta rufe bayan hoto. Sauran aikin sauti ne zai yi: tambari, algaita, guɗa, harbin 'yan bindiga daga nesa. Kuma a nemi makaɗi a biya shi ya buga, injinan kiɗa ba su san kalangu da algaita ba, ganguna na wata nahiya suke kawowa.

Injiniya_Kongo:
Data ba ta kai yadda ake tsoro ba in ta burauza ake aiki, yanki 300 giga kaɗan ne. Abin da ke ɓata rai shi ne a ɗauke wuta ko netwok ya yanke ana tsakiyar saukewa. Duk yankin da ya yi kyau a sauke shi nan take, kwafi ɗaya a laftof, ɗaya a filasha. Kada a bari sai an gama wata, wasu shafukan in kuɗin wata ya ƙare sai a rasa damar saukewa ba tambari. A kuma tabbatar katin biya na dala yana aiki kafin a tsara ranakun aiki.

Auta_Kwarbai:
Allah ya saka da alheri. Abin da na ɗauka: hoton wurare da waya, muryoyin mutane, ɗinki na gaske, sauran na manhaja. Salon zane ko kamannin gaske ne ban yanke ba. Rubutun fassara na ƙasan allo kuma fa, don ƙ da ɗ kan koma akwati?

Edita_Samaru:
Fayil ɗin rubutun, wato SRT, a adana shi a tsarin haruffa na UTF-8, a zaɓi harafi mai ɗauke da masu lanƙwasa, Noto Sans ko Andika. Layi biyu iyaka, kowanne kada ya wuce harafi 42. Fitarwa H.264, 1080p, megabit 8 zuwa 12. Ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi.

Batun salo kuma kada ka yanke da baki. Ka ɗauki fitowa ɗaya, ta zaure, shot shida, ka yi ta iri biyu har da murya. Ka nuna wa maɗinki ɗaya da wanda bai san komai game da AI ba, a waya, ba bayani. Jerin aiki a wurina: rubutu, hotuna 60, motsi, sannan murya.

Sautin_Gyallesu:
A nan na saba da kai Malam Edita. Murya kafin motsi. In tsohon ya faɗi jimlarsa a sakan 7 da numfashinsa, kai kuwa ka riga ka biya yanki mai sakan 5, ko dai ka hanzarta dattijo ko ka sake biya. A ɗauki murya, a jera ta a ƙarƙashin hotuna tsayayyu, a ga tsawon kowane shot na gaskiya, sannan a san wanne ke buƙatar sakan 5 wanne 10.

Edita_Samaru:
Ga shot masu magana na yarda. Amma lungu da bakin ƙofa da hawa sun fi rabin fim ɗin kuma ba mai cewa uffan a cikinsu, ba dalilin da zai sa su jira masu murya.

Ummu_Cigaban_Shiri:
Su ma su jira takardar kamannin yaron ta kammala, har da launin ƙyallen da aka naɗe rigar da hammatar da yake riƙe da ita. @Auta_Kwarbai, dama ce ko hagu? Ka yanke yau ka rubuta a saman jadawalin.